Farantin da ke juyawa a filin jirgi

   

Yau filin jirgin sama za mu je, amma ba tafiya za mu yi ba. Za mu tsaya can gefe, nesa da ɗakin fasinja, inda wata hasumiyar ƙarfe take tsaye ita kaɗai. A kanta akwai wani abu mai kama da ƙaton faranti a lanƙwashe, yana juyawa. Da safe yana juyawa. Da dare yana juyawa. Ranar Sallah ma yana juyawa. A wasu filayen ba za ka gan shi ba, don an kife shi da wata farar ƙwallo, amma yana ciki yana aikinsa.

Wannan ita ce eriyar rada, na'urar da ke laluben sararin sama tana neman jirage. Yau za mu ji yadda ake tsara farantin nan, da yadda ake ƙera shi. Ku gyara zama. Masu walda da maƙera da ɗaliban kwalejojin fasaha, ku matso kusa da rediyo, domin rabin zancen naku ne.

Kashi na farko. Me ya sa rada take buƙatar faranti?

Duk wanda ya taɓa kiwo a gindin dutse ya san amsa-kuwwa. Ka yi kira, ka yi shiru, sai muryarka ta dawo maka. In dutsen na kusa, nan take za ta dawo. In yana nesa, sai ta ɗan jima. To aikin rada ke nan. Sai dai ita igiyar rediyo take aikawa, 'yar'uwar wadda ta kawo muku muryata yanzu. Tana harba ta guntu-guntu, kimanin sau 1,000 a daƙiƙa ɗaya. Bayan kowane harbi sai ta yi tsit, ta kasa kunne. Igiyar nan gudun haske take yi, kilomita 300,000 a daƙiƙa. Jirgin da ke nisan kilomita 150, zuwa da dawowa kilomita 300 ke nan. Amsarsa za ta iso cikin kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa. Na'ura ta ƙirga lokacin, ta san nisa.

Saura matsaloli biyu. Ta farko, daga wane gefe amsar ta zo? Gabas ko yamma? Ta biyu, amsar ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Abin da ya fita da tsawa, da raɗa yake dawowa. Ku saurari lissafin. In nisan jirgi ya ninka biyu, igiyar tana raunana sau 4 a hanyar zuwa. Tana sake raunana sau 4 a hanyar dawowa. Huɗu sau huɗu, 16. Wato in kana son ka hango ninkin nisan da kake hangowa, sai ka ninka ƙarfin injinka sau 16. Wa ke da wannan wutar? Wa ke da wannan kuɗin?

Yanzu ɗauko tocilarka. Kwance kanta, ka bar ƙwan tsirara, ka kunna. Haske ya watsu ko'ina, sama da ƙasa, gaba da baya, bai kai ƙofar zaure ba. Mayar da kan, da ɗan kwanon nan mai walƙiya da ke bayan ƙwan. Kunna. Sai ga haske ya miƙe har bakin turken awaki. Batir ɗin bai ƙaru ba. Ƙwan bai sauya ba. Kwanon ne ya tattara hasken ya nuna masa hanya. Ku riƙe wannan: faranti ba ya ƙara wuta, tattara ta yake yi.

Kuma sau biyu yake yi wa rada aiki. Wajen aikawa yana tattarawa kamar tocila. Wajen sauraro yana tarowa, kamar yadda tsoho ke kara tafin hannu a bayan kunne. Shi ya sa in ka ninka faɗin faranti da tsayinsa, ka samu riba sau 4 a zuwa, sau 4 a dawowa. Ga 16 ɗin nan ta dawo, ba tare da ka ƙara wa injin komai ba. Kuma tunda hasken a tattare yake, duk inda faranti ke kallo lokacin da amsa ta zo, can jirgin yake. Matsaloli biyu, magani ɗaya.

Kashi na biyu. Wane irin lanƙwasa ake yi masa?

Ba kowane kwano ne ke wannan aiki ba. Ƙoƙo ba zai yi ba, kasko ba zai yi ba. Akwai lanƙwasa ta musamman, masana lissafi suna ce mata farabola. Kun san ta, ko da ba ku san sunanta ba. Ita ce hanyar da ruwa ke bi in ya fito daga tiyo ya yi baka ya sauka. Ita ce hanyar da dutse ke bi in yaro ya jefa shi.

Farabola tana da wata ɗigo guda a gabanta, mu kira ta matattara. Duk hasken da ya tashi daga matattara ya bugi faranti, ko a tsakiya ya buga ko a gefe, zai juyo ya miƙe gaba sosai, kafaɗa da kafaɗa da sauran. Akwai kuma sirri na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci ga rada. Duk hanyoyin nan tsawonsu ɗaya. Igiyar da ta bi ta tsakiya da wadda ta bi ta gefe, tare suke fitowa. Ku tuna turin mota. In samari biyar suka tura lokaci guda, mota ta motsa. In wannan ya tura wancan yana ja da baya, sai gumi kawai. Haka igiyoyin rediyo suke. In sun fito tare, ƙarfinsu ya haɗu. In sun saɓa, su kashe juna.

Zana ta ba wuya. A ce matattara tana nisan mita 1 daga tsakiyar faranti. In ka matsa rabin mita daga tsakiya, gefen zai taso da santimita 6 da kwata. In ka matsa mita 1, ya taso da santimita 25. In ka matsa mita 2, ya taso da mita guda cur. Nisa ya ninka biyu, tasowa ta ninka huɗu. Ɗalibi da ma'auni da fensir zai iya zana wannan a kan katako yau da yamma.

Ilimin nan ya daɗe. A Bagadaza, wajen shekarar 984, malami Ibn Sahl ya rubuta littafi a kan madubai masu tattara hasken rana har su kunna wuta. Bayansa Ibn al-Haisam, wanda ya zauna a Masar, shi ma ya yi rubutu a kan madubin farabola. Su rana suke tattarawa. Sai a 1888, a garin Karlsruhe na Jamus, Heinrich Hertz ya lanƙwasa fallen ƙarfe a wannan siffa, ya nuna cewa igiyar rediyo ma tana bin dokar da haske ke bi.

Kashi na uku. Yaya girmansa zai kasance?

A nan, ku tsofaffin masu sauraron gajeren zango kun riga kowa fahimta. Kun saba jin ana cewa a kama mu a kan mita 19, ko mita 25, ko mita 31. Mitocin nan tsawon igiyar ne, daga wannan tudu nata zuwa na gaba. To ƙa'idar ita ce: faranti ba zai iya tsuke igiya ba sai ya ninka tsawonta sau da yawa. Iya faɗinsa, iya sirantar haskensa. Zan maimaita, domin za mu dawo kanta. Iya faɗin faranti, iya sirantar haskensa.

Injiniyoyi suna da ɗan lissafi na ka. Ka ɗauki tsawon igiya, ka ninka da 70, ka raba da faɗin faranti. Abin da ya fito shi ne faɗin hasken a digiri, kusan-kusan. Mu gwada da wata rada sananniya, ASR-9, wadda ke aiki a filayen jiragen saman Amurka da dama. Igiyarta ta ɗan haura santimita 10. Farantinta kimanin mita 5 ne a faɗi. Haskenta digiri 1.4 ne kacal, cikin digiri 360 na da'ira. Amma ku lura, a nisan kilomita 100, wannan siririn haske ya buɗe ya kai kusan kilomita 2 da rabi. Jirage biyu da ke jere a cikin wannan tazara, a nisa ɗaya, rada za ta gan su kamar jirgi guda. Shi ya sa ba a wasa da faɗin faranti.

Wannan ƙa'ida ce ta sa radar farko ta Ingila ba ta da faranti. A 1935 Robert Watson-Watt da Arnold Wilkins suka gwada hango jirgi da igiyar rediyo kusa da Daventry a Ingila. Daga nan aka gina jerin tashoshi a bakin teku, ana ce musu Chain Home. Igiyarsu tsakanin mita 10 da 15 take. Da za a yi wa irin wannan igiya farantin da zai ba da digiri 1.4, sai faɗinsa ya haura rabin kilomita. Wa zai juya wannan? Sai suka kafa dogayen hasumiyoyi masu fiye da mita 100, suka rataya wayoyi, ba abin da ke juyawa.

A watan Fabrairun 1940 al'amari ya sauya. A Jami'ar Birmingham, John Randall da Harry Boot suka ƙera wani ɗan bututun tagulla da ake kira magnetiron, wanda ke fitar da igiya mai santimita 10 da ƙarfi sosai. Jikansa ne ke cikin na'urar ɗumama abinci ta zamani. A shekarar aka kai shi Amurka, aka buɗe babban ɗakin bincike a jami'ar MIT. Da igiya ta gajarta, faranti ya zama abin da mota za ta iya ɗauka, injin ya iya juyawa. Yawancin dabarun da za mu ji yanzu a shekarun yaƙin duniya na biyu aka gyara su.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan farantin rada mai neman jirage. Ga mu a kashi na huɗu, kuma a nan nake son mu ɗan daɗe, domin nan ne gwanintar take.

Da za ka yi faranti zagayayye, farabola tsantsa, zai ba ka haske siriri kamar tsinke. Siriri ta gefe, siriri ta sama. Wannan yana da kyau in ka riga ka san inda jirgi yake, kana son ka bi shi. Amma nema fa? Ka ɗauka allura ta faɗi a tsakar gida da dare, aka ba ka tocila mai haske kamar bakin kwabo. Kafin ka gama wannan lungu, asuba ta yi. Sararin sama ya fi tsakar gida girma, kuma jirgi ba ya tsayawa ya jira ka.

Mai nema mafici yake buƙata. Ku ɗauko mafici, ku riƙe shi a tsaye, gefensa na kallon gaba. In ka dube shi ta sama, siriri ne kamar wuƙa. In ka dube shi ta gefe, ga faɗi daga ƙasa har sama. Yanzu ka juya a inda kake tsaye. Juyi ɗaya, ka share sama duka, na ƙasa-ƙasa da na can bisa. Irin hasken da radar nema ke so ke nan. Siriri ta gefe, don a san alƙiblar jirgi. Buɗaɗɗe ta tsaye, don kada wani ya kuɓuce.

Yaya ake samunsa? Ku tuna ƙa'idarmu. Iya faɗin faranti, iya sirantar haskensa. To sai a yi faranti mai faɗi ta kwance, gajere ta tsaye. Mita 5 a faɗi, kimanin mita 3 a tsayi. Faɗin ya tsuke hasken ta gefe, gajartar ta bar shi ya buɗe ta sama. Abin kamar a juye yake, faranti a kwance, haske a tsaye. A da ma akwai wata rada mai doguwar eriya siririya kamar ɓawon lemo, tana tsaye, tana gyaɗa kai sama da ƙasa. Ita nata maficin a kwance yake, kuma aikinta auna tsayin jirgi.

Amma ba a gama ba. Ga jirage biyu, dukansu suna tashi a tsayin kilomita 3. Ɗaya yana nisan kilomita 100. Ɗaya yana nisan kilomita 10. In kana tsaye gindin rada, na nesa yana can dab da inda sama ta haɗu da ƙasa, bai kai digiri 2 ba. Na kusa kuwa sai ka ɗaga kai, wajen digiri 17. Wanne ya fi buƙatar wuta? Na nesa mana. Uwa in za ta kira yaron da ke bakin rafi, ɗaga murya take yi. Wanda ke gindinta kuwa, a hankali take masa magana. In rada ta raba wutarta daidai tsakanin sama da ƙasa, ta yi ɓarna. Na kusa ya samu fiye da buƙatarsa, na nesa ya ɓace.

Don haka sai mai tsara faranti ya yi abin da ya fi burge ni a duk wannan sana'a. Bayan ya sha wahala ya zana farabola cikakkiya, sai ya saɓa mata da gangan. Yakan bar yawancin farantin a kan farabola, don ya harba babban ƙarfi can nesa, ƙasa-ƙasa. Sannan ya ƙara wa leɓen ƙasa lanƙwasa, kamar leɓen buta, ko kuma ya sassauta lanƙwasar ɓangaren sama. Igiyar da ta bugi wannan wuri sai ta karkata sama. Kaɗan zuwa digiri 10, ƙasa da haka zuwa digiri 20, ɗan ƙalilan zuwa digiri 30. Ana lissafa rabon ne yadda jirgin da ke tahowa a tsayi ɗaya, amsarsa za ta zauna da ƙarfi kusan ɗaya tun daga nesa har ya iso. Turawa suna da sunan lissafi da suke kiran wannan tsari da shi. Mu a shirin nan mu ce masa rabon wuta gwargwadon nisa. Kuma siffar ƙarfe ce kaɗai ke yin rabon. Babu maɓalli, babu kwamfuta a wannan wuri. Lanƙwasa ce kawai.

Duk da haka, akwai inda maficin ba ya kaiwa. Daidai saman kan rada akwai wani rami na shiru, kamar mazurari. Jirgin da ya ratsa ta nan yakan ɓace na ɗan lokaci, sai wata rada ta maƙwabta ta gan shi.

Kashi na biyar. Mu shiga maƙera.

A matattara ake dasa abin da ke fesa igiyar. Ƙaho ake ce masa, kuma da gaske kamar bakin kakaki yake, sai dai mai kusurwa huɗu. In bakinsa ya watsa da yawa, wuta ta zube ta gefen faranti, ta tafi a banza. In ya tsuke da yawa, tsakiya kawai zai haska, ka biya kuɗin mita 5 kana morar mita 3. Abin da aka saba shi ne a bar gefe ya samu kimanin kashi ɗaya bisa 10 na ƙarfin tsakiya. Dalili? In gefe ya yi zafi da yawa, sai wasu ƙananan harsunan haske su tsiro a dama da hagu. Rada na kallon arewa, ƙaramin harshe ya taɓa wani babban jirgi a gabas, allo ya nuna jirgi a arewa inda babu kowa. Jirgin ƙarya a allon mai ba da umarnin sauka ba ƙaramin haɗari ba ne.

Fita ka dubi ɗan dish ɗin talabijin da ke kan katangarku. Hannun da ke riƙe da kansa daga ƙasa ya fito, ba daga tsakiya ba. An yanko farantin ne daga gefen wata babbar farabola, don kada kan ya yi masa inuwa. Radar filin jirgi ma haka ake yi wa da yawansu. Wasu kuma, irin ASR-9, ƙaho biyu gare su. Ɗaya yana aikawa yana sauraro. Ɗaya sauraro kawai yake yi, yana kallon sama kaɗan, don a kauce wa amsar gine-gine da tuddai da motocin da ke kusa.

Sai jikin faranti. Ana fara da ƙashin baya, firam mai ƙarfi na bututun ƙarfe ko alminiyom. A kansa ake jera haƙarƙari, kowanne an yanke shi a kan lanƙwasar da aka lissafa. Sannan a shimfiɗa fata. Sau da yawa fatar nan raga ce. Za ku ce, raga? Igiyar ba za ta wuce ta huda ba? Ba za ta wuce ba, muddin hudar ba ta kai kashi ɗaya bisa 10 na tsawon igiya ba. Ga igiya mai santimita 10, hudar da ba ta kai santimita 1 ba, bango ce. Iska ta wuce, ruwan sama ya wuce, igiya ta dawo. Kun san yadda guguwar farkon damina ke yaye kwanon rufi. To ku auna fallen ƙarfe mai mita 5 da mita 3, a kan hasumiya, yana juyowa yana ba iska ƙirji. Raga ce ke rage masa wannan dambe, ta kuma rage nauyi. A yaƙin duniya na biyu, da Jamusawa suka tashi yin farantin radarsu Würzburg-Riese mai mita 7 da rabi, kamfanin Zeppelin suka ba aikin, masu ƙera jiragen balan-balan, domin su suka san yadda ake yin abu babba, mara nauyi, mai riƙe siffarsa.

Mu ma mun ga irin wannan a unguwanninmu. Ku tuna manyan dish-dish na raga da suka cika gidaje a shekarun 1990. Igiyarsu wajen santimita 7 da rabi ce, shi ya sa raga ta ishe su. Ƙananan na yanzu igiyarsu wajen santimita 2 da rabi ce, shi ya sa yawancinsu falle ne sumul.

Yanzu maganar da nake so masu walda su ji da kyau. Kuskure nawa aka yarda da shi? Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce, kada fata ta kauce wa zanenta fiye da kashi ɗaya bisa 16 na tsawon igiya. Ga radarmu, wajen milimita 6 ke nan. Ƙasa da kaurin fensir, a kan abu mai mita 5. Kuma wannan iyaka ce ta ƙarshe, masu ƙira suna neman abin da ya fi haka kyau nesa ba kusa ba. Wani injiniya mai suna John Ruze ya fitar da lissafin asarar a 1952. In kurakuran da suka bazu a fatar duka suka kai wannan mizani, kusan rabin ƙarfin ya tafi. Ku tuna turin mota. Wurin da ya loɓa, igiyarsa ta makara. Wurin da ya kumbura, tasa ta riga kowa. Ba su tura tare ba.

Walda tana jan ƙarfe, kun fi ni sani. Shi ya sa ake haɗa faranti a kan zubi mai ƙarfi, ana ɗaure shi, ana aunawa, ana gyarawa, ana sake aunawa. Rana ma tana da nata. Alminiyom mai mita 5, in zafi ya ƙaru da digiri 30, yakan ƙara tsawo fiye da milimita 3. Abin tsoron shi ne gefe ɗaya ya gasu, ɗaya yana inuwa. Ni a ganina, hannun da ke iya wannan aiki muna da shi a kasuwanninmu. Na ga masu walda da ke lanƙwasa bututu da ido kawai, ya fito kamar na inji. Abin da nake roƙo shi ne kwalejojinmu su haɗa hannun nan da ma'auni da lissafi, a zaunar da ɗalibi da maƙeri a benci ɗaya.

Kashi na shida, kuma na ƙarshe. Juyi, da ruwa, da gwaji.

ASR-9 tana juyi 12 da rabi a minti. Juyi ɗaya, daƙiƙa 4.8. A kwana ɗaya juyi 18,000. A shekara, fiye da miliyan 6 da rabi. Duk a kan babban boris ɗaya da giya da giris. A kowane juyi, hasken ba ya kai kashi ɗaya bisa 50 na daƙiƙa a kan jirgi, harbi kusan 20 ke nan. In ka ƙara sauri, harbin ya ragu, amsa ta raunana. In ka rage sauri, jirgi ya yi nisa kafin ka sake ganinsa. Shi ya sa manyan radoji masu hangen nesa suke juyawa a hankali, wasu juyi 5 a minti.

Injin da ke haifar da igiyar yana ƙasa, ba ya juyawa. Igiyar tana hawa ta cikin bututun ƙarfe, ta ratsa wata gaɓa mai juyawa a tsakiyar gindi, ta isa ƙaho. A gindin kuma akwai abin ƙirga. A radoji da yawa yana raba da'ira gida 4,096, da alama guda mai nuna arewa. In alamar nan ta goce, duk jiragen da ke allo sun goce tare da ita.

Ruwan sama fa? Kun san yadda hoton talabijin ke ɗaukewa in hadari ya taso. Ga rada, ɗigon ruwa ma amsa yake maidowa, ya cika allo da hazo. Dabarar ita ce a murɗa igiyar kafin ta fita, kamar tufkar igiya ta hannun dama. Ɗigon ruwa kusan zagayayye ne, sai ya maido ta a tufkar hagu, eriya ta ƙi karɓa. Jirgi kuwa ga fiffike, ga wutsiya, ga lungu-lungu, amsarsa a gauraye take dawowa, wani ɓangare ya shiga. Ana asarar wani abu daga amsar jirgin, amma ta ruwan ta fi raguwa sosai.

Kafin a miƙa faranti, sai an gwada shi a fili. Ana ajiye na'urar aunawa nesa, domin haske ba ya gama haɗuwa sai ya yi tafiya. Ga faranti mai mita 5, kusan rabin kilomita ake ja da baya. A juya shi digiri-digiri, a zana maficin, a ƙirga ƙananan harsuna. Bayan an ɗora shi a hasumiya kuma, jirgin gwaji ya tashi ya bi hanyoyi sanannu, a ga ko allo ya faɗi gaskiya.

In kun lura, a saman farantin akwai wata doguwar eriya a kwance, suna juyawa tare. Wannan ita ce rada ta biyu. Ita tambaya take aikawa, na'urar da ke cikin jirgi ta amsa da lambarsa da tsayinsa. Maficinmu ba ya faɗin tsayi, nisa da alƙibla kawai yake bayarwa. Amma shi ba ya neman yardar jirgi. Ko matuƙi ya kashe na'urarsa, ƙarfen jirginsa zai amsa.

A Najeriya, a 2010 aka ƙaddamar da aikin rada na ƙasa baki ɗaya, wanda ake kira TRACON, a ƙarƙashin hukumar NAMA mai kula da sararin samaniyar ƙasa, kuma kamfanin Thales na Faransa ne ya yi shi. An kafa masu faranti a Legas da Abuja da Kano da Fatakwal. An kafa masu tambaya kaɗai a Maiduguri da Numan da Ilorin da Obubra da Talata Mafara. Tashoshi masu faranti suna da ma'aikatan da ke hawa hasumiya, su duba giris, su ɗaure noti, su share ƙurar hunturu daga bakin ƙaho. Kafin ɗayansu ya taka matakala, sai an kashe wutar injin an kulle juyin, domin igiyar da ke fita daga bakin ƙahon nan tana dafa nama kamar yadda na'urar ɗumama abinci ke yi.

A nan za mu dasa aya.